Na yi aikin ruwa har na yi furfura, amma a kurar 'yan garuwa nake saye

Assalamu alaikum. Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, ta wajen Gwale, kuma ƙarfina duk a aikin ruwa ya ƙare. Na shiga gidan ruwa ina lebura a tsakiyar shekarun 1980, na fito bayan na cika shekarun da doka ta yanka wa ma'aikacin gwamnati. Ban taɓa zaman ofis mai fanka ba. Aikina na titi ne: buɗe bawul (wato madatsar ruwa da ke jikin bututu), rufe bawul, haƙa rami, ɗaure bututu, mayar da ƙasa. Ɗana ne ya matsa mini in ba da wannan labari, ina faɗa yana rubutawa a waya, wai ya gaji da jin ina maimaita shi a ƙofar gida bayan sallar isha'i.

Lokacin da muka taso, famfo a birni ba abin labari ba ne. Rijiyar cikin gidanmu zartsi ce, ta wanki da wanke-wanke, na sha kuwa a famfon bakin lungu muke tarowa. Tsofaffi sukan ba mu labarin cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1930, aka jawo ruwa daga kogin Challawa ta wajen Panshekara aka kawo shi birni. Mu yara mukan hau Goron Dutse mu leƙa tankunan da ke sama, ba mu san hikimar ajiye su a can ba. Sai da na fara aiki na gane: inji ne yake tura ruwa ya hau dutsen, daga nan ya gangaro unguwanni da nauyin kansa. Idan tanki ya cika, ko an ɗauke wuta, gari zai ci gaba da sha na wani lokaci.

Baffana ne ya kai ni aikin. Ranar farko aka haɗa ni da wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, aka ce in riƙa ɗaukar masa makulli. Makullin nan ba irin na ƙofa ba ne. Ƙarfe ne dogo, ya kai ƙirjin mutum, da hannu biyu a samansa, ana zura shi cikin rami ya kama kan bawul. Baba bai yi boko ba, sa hannu ma da babban yatsa yake yi ranar albashi. Amma ka tsaya da shi a kowace mahaɗa daga Kabuga zuwa Ƙofar Mata, zai buga ƙafa a ƙasa ya ce maka nan akwai bututu mai inci kaza, ya taho daga wuri kaza, ya rabu biyu a gindin waccan bishiyar. A haƙa, a same shi yadda ya faɗa.

Karatun farko da ya yi mini ina tuna shi kamar jiya. Ya ba ni makulli ya ce in rufe wani bawul, ni kuwa da ƙarfin samartaka na kama zan murɗa. Ya dafa hannuna ya ce, "Yaro, tsaya. Abin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙafarka ya fi tirela nauyi. In ka datse shi farat ɗaya, komawa baya zai yi ya fasa bututu a wani wurin da ba ka gani." Sai ya nuna mini yadda ake yi: a juya kaɗan, a dakata, a kasa kunne, a ƙara. Kowane bawul yana da adadin juyinsa, kuma dole ka riƙe lissafi a kanka, domin in ka buɗe wa wata unguwa fiye da rabonta, ka kashe wa ta gaba da ita ke nan. Mutane suna zaton rabon ruwa a ofis ake yin sa. Takarda dai a ofis ake rubuta ta, amma ainihin rabon yana hannun mai makulli da tsakar dare.

Da dare kuma muke farautar yoyo. Sai gari ya yi tsit, motoci sun ɗauke, Baba ya ɗauko wani siririn rodi mai ƙulun katako a kai. Ya kafa tsininsa a kan bawul ko kan bututu, ya manna katakon a kunne, ya runtse ido. Bututu mai lafiya gurnani yake yi a hankali. Wanda ya tsage kuwa wani siririn huci yake yi, sssss, kuma gwargwadon kusantarka da wurin gwargwadon ƙarfinsa. Haka za mu yi ta bi taku-taku, karnuka na haushi, 'yan sintiri na haska mu da tocila, har ya tsaya ya ce, "Nan ne. Sa alama." In zana da gawayi, da safe mu dawo da diga da shebur. Na ɗauki shekaru kafin kunnena ya iya rarrabe hucin yoyo da ƙarar famfon wani gida da aka bari a buɗe.

Bari in yi wa mai karatu bayanin tafiyar ruwan nan, don yawancin masu zaginmu ba su san ta ba. Ruwan Kano ba a cikin birni yake farawa ba. Yana taruwa ne a dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da kuma dam ɗin Challawa na wajen Ƙaraye da aka gama a 1992. Dam-daman nan biyu suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wato ta gwamnatin tarayya, kuma ba mu kaɗai ke jiran su ba: manoman rani na Kadawa da Kura suna jira, mutanen Haɗeja da na gaba da su suna jira. In an sako ruwa ya biyo kogi, sai injinan bakin kogi su zuƙo shi zuwa matata. A zuba alimun laka ta kwanta, a sa farar ƙasa a daidaita shi, ya ratsa yashin tacewa, a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan manyan injina su tura shi gari. Kowane mataki a nan yana buƙatar wuta ko dizal, yana buƙatar magani, yana buƙatar mutum a farke. Ɗaya ya faɗi, duka sun tsaya.

Ga kuma abin da ba a cika sani ba game da ɗauke wuta. In inji ya tsaya na awa ɗaya, ba ruwan awa ɗaya aka rasa ba. Babban bututu zai tsiyaye, iska ta cika shi. In wuta ta dawo, sai an sake cika shi tun daga tushe, a fitar da iskar a hankali, kafin ruwa ya yi ƙarfin isa ko'ina. Sau da yawa kafin ya kai unguwannin ƙarshen layi da masu tudu an sake ɗaukewa. Shi ya sa za ka ji wani na kusa da matata yana cewa kullum suna samu, wani kuma a Kurna ko Birget ya rantse maka rabonsa da ganin ɗigo tun ana goyon ɗansa da ke sakandare yanzu. Dukkansu gaskiya suke faɗa.

Ni a idona lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Na shiga aiki daf da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da Naira ta fara zubewa. Kusan duk kayan aikinmu daga waje ake sayo su, tun daga kan inji har maganin ruwa. Da, in abu ya lalace, sito za ka je ka sa hannu ka ɗauka. Sannu a hankali sai aka koma cire na wannan inji a gyara wancan. A daidai lokacin kuma gari yana buɗewa ba ƙaƙƙautawa. Ɗorayi, Rijiyar Zaki, Sheka, Na'ibawa, ƙarshen Hotoro, da yawansu gonaki na san su. Mutane suka yanka filaye suka yi gini, babu wanda ya fara shimfiɗa bututu kafin a aza tubali. Bututun da aka sa domin lungu guda sai ga shi ana jan unguwa uku a jikinsa.

Ba zan ce ba a yi komai ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya. Zamanin Malam Ibrahim Shekarau an gina sabuwar matatar Tamburawa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, ga ta Watari ta wajen Bagwai mai lita miliyan 75. Mun yi murna ƙwarai. Amma adadin da ake rubutawa a jikin matata na ranar da komai ya cika ne: wuta ba yankewa, duk injina na aiki, magani na sito, kogi ya kawo. Sannan ko ruwan ya fito, ta wace hanya zai bi? Ta tsofaffin bututan asbesto da na ƙarfe waɗanda wasunsu sun girme ni. Ranar da aka ƙara ƙarfi, ranar muke kwana a rami, nan ya fashe can ya fashe. Gwamnatoci suna son abin da za a yanke kyalle a buɗe, a ɗauki hoto. Bututun da ke binne a ƙasa ba ya fitowa a talabijin.

Akwai wani gyara da ba na mantawa, a wani lungu cikin birni, ana tsakiyar damina. Ƙaramin bututu ne ya tsage, kuma a cikin kwata yake kwance, don da aka zo gina kwatar a kansa aka bi. Muka je ba mu da abin ɗauri, an ce babu a sito. Mai unguwa ya fito ya ce, "Malam, me ake ciki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, hannu muke da shi, kaya ne babu." Ya sa aka zaga gida-gida aka yi karo-karo, abin da aka tara bai kai kuɗin abin ɗaurin ba. Ƙarshenta wurin mai faci aka aika yaro ya sayo tsohon tub na mota. Na tuɓe riga na shiga kwatar nan, baƙin ruwa har gwiwa, ina lalube da hannu don ido ba ya gani. Na yanka robar siri-siri, na naɗe tsagar ina ja iya ƙarfina, na bi da waya na ɗaure. Mata suna leƙowa ta zaure suna sa albarka. Wata tsohuwa ta aiko mini da sabulu da kofin kunu.

Na fito ana ta yi mini sannu, amma ni zuciyata ba ta yi daɗi ba, domin na san abin da su ba su sani ba. Muddin akwai ƙarfin ruwa a ciki, tsaga waje take fesarwa. Amma da zarar an ɗauke ruwa bututu ya zama fanko, sai ya koma zuƙa, ya ja abin da ke kewaye da shi. Abin da ke kewaye da wannan kuwa kwata ce. Ruwan farko da zai fito a famfo bayan kwana biyu shi ne zai wanko duk wannan ya kai randar mutane. Na ce wa mai unguwa a gaya wa mata su riƙa zubar da na farko, su tafasa na yara. Ba na cewa duk amai da gudawa daga bututu yake, hanyoyinsa da yawa. Amma a 2021, da kwalara ta yi ɓarna a Arewa har Kano na cikin jihohin da ta fi taɓawa, duk sanda na ji sanarwa a rediyo sai lungun nan ya faɗo mini a rai.

Zagi kuwa mun sha shi har mun ƙoshi. Mai raba takardar kuɗin ruwa ya fi kowa shan wuya. Zai ƙwanƙwasa gida, maigida ya fito ya ce, "Kuɗin me? Kuɗin iska?" Kuma me za ka ce masa? Yawancin gidaje ba mita, kuɗi ne aka yanka a wata, ka samu ko ba ka samu ba. Mutane suka daina biya saboda ruwa ba ya zuwa, ruwa kuma ya ƙara ƙin zuwa saboda babu kuɗin dizal da magani. A gefe guda, mu ma jama'a muna da namu. Na ga mai hali ya sa injin zuƙa a kan layi ya shanye na maƙwabtansa. Na ga an huda babban bututu da dare an ja wa gidan wanka da wurin wankin mota. Ɓarayi sukan yanke wayar wuta ta injina saboda jan ƙarfen ciki, su sace murfin ramin bawul su kai wa 'yan gwangwan. Masu ɗibar yashi kuma suna ƙwaƙule cikin kogi har ruwa ya canza hanya ya bar bakin inji a sarari. A cikinmu ma'aikata ma ba a rasa masu karɓar na goro su yi haɗin da bai dace ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda shi ne dalilin da na yarda a rubuta wannan, ba inji ba ne, ba kuma kuɗi ba. Mutane ne. Inji in ya mutu, ranar da aka sami kuɗi za a sayo wani. Baba fa? Ya yi ritaya, ya yi ta sintirin neman haƙƙinsa da fayil a hammata, ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi da takarda da biro ya ce, Baba, faɗa mana abin da ke ƙarƙashin garin nan. Akwai taswirori a ofis, na gan su, tsofaffi ne, wasu gara ta taɓa, kuma ba su san duk canje-canjen da aka yi daga baya ba. Abin da na ɗauka a wurinsa bai kai rabin abin da ya sani ba, kuma na yankinmu ne kawai. Kowane yanki na gari yana da nasa Baban, kuma ɗaya bayan ɗaya haka suka tafi.

Da can kowane mai makulli yana da yaro a bayansa, kamar yadda na bi Baba. Daga baya ɗaukar ma'aikata ya yi wuya. Mutum biyar su fita, da ƙyar a kawo ɗaya. Sai 'yan wucin gadi, yara masu ƙoƙari wallahi, amma wanda ake ba ɗan abin da bai kai ya kawo ba, wani watan ma shiru, yaya za a yi ya tsaya shekara goma yana koyon sauraren bututu? Da ya sami A Daidaita Sahu sai ya ajiye diga. Na koya wa yara da dama, babu wanda ya zauna. Matasan injiniyoyi kuma akwai masu ilimi sosai a cikinsu, sun san lissafin da ni ban sani ba, sai dai ba su da yawa, kuma sau tari ko motar zuwa wurin aiki babu.

Sakamakon wannan a titi ake ganin sa. A zo aikin hanya ko gada, katafila ta tumɓuke bututu, ko a malala kwalta a kan ramin bawul, don babu wanda ya zo ya ce akwai abu a nan. Wani ya gina shago a kai. Bayan shekara biyu bututu ya fashe a layin, a rasa inda za a rufe, sai a je can baya a rufe babban layi, unguwa goma su rasa ruwa saboda gyaran lungu ɗaya. Wani bawul ɗin ma a rufe aka binne shi, an rufe don gyara an manta, wanda ya rufe ya rasu. Mutanen bayansa suna can suna cewa an hana su ruwa saboda siyasa.

Yanzu a Ɗorayi nake zaune, a ɗan gidan da na gina. Na sa famfo a tsakar gida da hannuna, yara suna rataye tsumma a kansa. Kullum da safe uwargida za ta ce, "Malam, a tsayar mana da mai ruwa," in fita in jira ɗan garuwa ya turo kurarsa. Yawancinsu bayin Allah ne daga ƙauyuka da kuma Nijar, suna tura jarkoki masu lita 25 cike da kura a cikin yashi da rana, ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Su ma saye suke a wurin mai burtsatse, shi kuma da janareta yake tayar da injinsa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin jarka ya tashi bai sauko ba. In na lissafa abin da gidana ke kashewa a wata, ya ninka kuɗin takardar da mutane ke ƙin biya sau da yawa. Talaka ya fi kowa sayen ruwa da tsada a garin nan. Burtsatsen ma ba tabbas gare ta ba. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan a tsage-tsagensa yake maƙalewa, ba teku ba ce. Kowa na haƙawa, kowa na ƙara zurfi, da bazara ta yi nisa sai ka ji injin maƙwabci na tari yana fitar da iska.

Akwai ranar da wani maƙwabcina ya gan ni ina ciniki da mai kura, ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, kai ma?" Na ce masa ni ma. Uwargida kuwa ta daina tsokanata a kan wannan tun tuni, ta ga abin ba ya ba ni dariya.

Kwanakin baya wani matashin injiniya ya yi sallama da ni, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, an ce kai ka san layin nan na wajen Mandawari. Mun yi kwana da kwanaki muna neman bawul mun rasa." Na hau bayan babur ɗinsa muka tafi. Wurin ya canza, bishiyar da nake kwatance da ita an sare, gidan ƙasar da ke kusurwa ya zama bene. Sai na koma bakin tsohon masallacin lungun, wanda bai motsa ba, na auna taku daga nan yadda aka koya mini. Takuna ya ƙare a kan dakalin wani mai shagon kayan masarufi. Da ƙyar ya yarda a fasa, sai da injiniyan ya yi alkawarin gyara masa da kuɗinsa. Aka fasa siminti, aka yi ƙasa kaɗan, shebur ya daki ƙarfe. Ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya danna wani abu da ya ce zai riƙe daidai wurin har abada, ko an gina bene a kai.

Tun daga ranar yakan zo ya ɗauke ni in ya sami sarari, ba da umarnin kowa ba, man babur ma daga aljihunsa. Ina nunawa yana sa alama. Mun taɓa yawancin Gwale da wani ɓangare na Dala. Wasu wuraren na tuna, wasu sun shige mini duhu, in ban tabbatar ba nakan ce masa kada ya rubuta. Ya tambaye ni Fagge da Sabon Gari, na ce ba yankina ba ne, amma akwai wani abokin aikina da ya riƙe makullin can shekara da shekaru, yana nan da rai, sai dai ƙafa ta hana shi fita. Ya ce zai je ya same shi a makon nan. Na yi masa kwatancen gidan, na ce ya riƙa masa goro, kuma ya bari sai bayan la'asar, don da rana tsaka mutumin ba ya son magana.